Shafin Da Ba Ya Amsa Sallama

Kun sha jin labarin nan a gidan suna da gidan biki, kuma kullum Kawunku Bashir ne ke bayarwa, don shi Allah ya ba murya. A bakinsa labarin gajere ne: shafin intanet na makarantar Alhaji Mamman ya dinga mutuwa, shi kuma ya tafi Legas ya sayo ƙaton inji, komai ya daidaita, sai ni na yi fushi irin namu na mata na bar aiki. Shekara da shekaru ina jin haka ina haɗiyewa. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, na kuma ji autarku tana maimaita shi kamar hadda, bari in rubuta yadda aka yi. Ba don in ci mutuncin Yaya ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Malam mahaifinmu, shi ya kai ni koyon kwamfuta lokacin da dangi ke cewa ɓata lokaci ne. Amma a shekarar nan saura ƙiris zumuncinmu ya tsinke ni da shi, kuma ya kamata ku san a kan me.

Lokacin soja sun koma bariki, fastocin 'yan siyasa sun rufe kowace katanga, makarantun kuɗi suna tsirowa lungu-lungu, kowa kuma yana so a ce yana da intanet ko da bai san me ake yi da ita ba. Yaya da abokinsa Chinedu, haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi ta wasunku, suka buɗe kafe, wato shagon intanet, a saman wani bene a Titin Ibrahim Taiwo, da wani ƙarami a Sabon Gari kusa da shagon gwaggon Chinedu. Ni da safe ina koyarwa a makarantar 'yan mata, da yamma in zo kafe. Sai ga Alhaji Mamman, tsohon ɗalibin mahaifinmu, mai shagunan atamfa a Fagge, wanda ya buɗe makarantu. Ya ce yana so iyaye su riƙa ciro sakamakon 'ya'yansu ta intanet, kamar yadda ya ji ana yi a Turai. Ya faɗa a fili cewa don darajar Malam ya kawo mana aikin. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya kuma yi masa alkawarin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci: wai mutum na dannawa zai ga sakamako nan take. Shi ya yi alkawari, ni aka bar wa ginawa.

Ga yadda abin yake, a sauƙaƙe. Akwai kwamfuta guda a ɗakin baya da ake kira saba, ita ke riƙe da makin kowane yaro. Idan uba ya rubuta sunan ɗansa ya danna, sai sabar ta tattaro makin kowane darasi, ta lissafa na dukan 'yan ajin don ta san na nawa yaron ya zo, sannan ta tsara takardar da za a buga. Aiki ne mai cin lokaci, ga intanet ɗin zamanin da take tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Duk tsawon wannan lokaci shafin fari fat yake tsayawa, ba ya cewa uffan. Ranar da na gwada ni kaɗai, na jira, ya fito, na yi hamdala. Ni na san ana aiki a ciki, shi ya sa na jira.

Da ƙarshen zango ya zo, iyaye suka cika kafe har kan matakala. Kafin la'asar saba ta durƙushe. Muka kashe muka kunna, ta sake durƙushewa. Kwana da kwanaki haka. Na rasa gane dalili, don a lissafina ya kamata ta iya ɗaukar mutanen. Sai wata rana na bar ɗakin baya na tsaya a bayan wani dattijo, Malam Idi, tsohon hedimasta daga Fagge, wanda ya zo ciro na jikarsa. Ya danna, ya naɗe hannu ya jira. Ya sake dannawa, ya jira. Ya danna na uku, ya ɗan jira, sannan ya gyara hularsa ya miƙe.

"Malam, ai bai fito ba tukuna," na ce.

"'Yata, na yi sallama sau uku ba a amsa ba. In mutum ya ƙara a kan haka ya zama rashin ta ido. Wataƙila masu gidan ba sa nan."

Ya sauka abinsa, cikin mutunci. Bai kai ƙasan bene ba takardar jikarsa ta fito, ba mai karɓa. Na koma ciki na duba, sai na ga saba tana nan tana fama da sauran dannawarsa biyu, kowace ta ɗauke ta sabon aiki daga farko, tana lissafa ajin nan gaba ɗaya saboda mutumin da ya riga ya hau acaɓa. Na tsaya ina kallon sauran. Wallahi kusan duk mutanen Fagge da Kwaciri haka suke yi, uku su tashi. Mutum ɗaya ya bar mana aikin mutum uku ya tafi hannu rabbana.

Washegari na tafi reshen Sabon Gari, can na ga wanda ya fi. Madam Ngozi, gwaggon Chinedu, mai sayar da kayan ɗinki, tana zaune ta danne maus, linzamin kwamfutar, da yatsa tana kai masa duka ba ƙaƙƙautawa.

"Madam, don Allah sau ɗaya ya isa."

"Sau ɗaya? Malama, ni in na buga ƙofa ba a buɗe ba, zan yi ta bugawa har maƙwabta su fito. Na san suna ciki. Ai ina jin janareta."

Ban ga laifinta ba, ban ga na Malam Idi ba. Kowa da yadda aka koya masa tsayuwa a ƙofar mutane. Mu ne muka gina gidan da ake sallama a yi shiru.

Na tara Yaya da Chinedu na yi musu bayani. Na ce a bar saba yadda take, a canja yadda take karɓar mutane. Mutum na dannawa, shafin ya amsa masa nan da nan cewa an ji, a sa shi a layi, a faɗa masa mutum nawa ne a gabansa. Aikin mai nauyi a riƙa yin sa a baya, ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya riƙa leƙawa da kansa yana gaya wa mai jira inda aka kwana. In ya sake dannawa, a gane shi ne ɗazu, a ce masa yana nan a layi, kada a fara masa sabo. In ma yana da uzuri ya tafi, ya dawo ya tarar da takardarsa tana jiran sa. Na ce ko a gidan Inna haka ake yi: baƙo na sallama a amsa, a ce ana zuwa, a shimfiɗa tabarma a kawo ruwa, ko da maigidan yana wanka.

Yaya ya dube ni kamar na zagi Malam.

"Layi? Binta, kina da hankali kuwa? Mutum ya gudo daga layin mai da layin banki, ya zo intanet ki sake sa shi a layi? Na ce wa Alhaji nan take. So kike in rubuta a shafinsa cewa mun gaza?"

"Yaya, yanzu ma jira suke yi. Bambancin kawai ba a gaya musu."

"Injin ne ƙarami. Babba za a sayo."

"Ko wanda ya kai ɗakin nan ka sayo, Madam Ngozi za ta kayar da shi kafin azahar."

Chinedu, wanda ba ya son ganin faɗan 'yan'uwa, ya kawo tasa dabarar. Ya buga takarda da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, cewa kada a danna fiye da sau ɗaya, ya manna a saman kowace kwamfuta. Mutane suka karanta, suka gyaɗa kai, suka danna sau uku. Har wani ya ce min ai shi ya bi doka, sau ɗaya-ɗaya yake dannawa, ba a haɗe ba. Ranar na fita baranda na tsaya ina kallon motoci don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Alhaji Mamman ya aiko. Iyaye sun dame shi, wasu har shagonsa suke bin sa suna yi masa ƙorafi a gaban masu sayen atamfa. Ya ce a ƙarshen zango mai zuwa zai zo da kansa ya gwada, in abin bai gyaru ba zai kai aikinsa wani wuri, kuma ya so a ce 'ya'yan Malam sun fi haka. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana Yaya cin abinci. Ya shirya ya tafi Legas neman injinsa, kuma kafin ya tafi ya kafa min doka.

"Kada ki taɓa komai sai na dawo."

Na kai ƙara wurin Inna a Kwaciri. Tana tankaɗe, ta saurare ni har na gama, ba ta fahimci rabin abin da na faɗa ba, amma ta fahimci inda na dosa.

"Yayanki ne. Ko ya ce rana daga yamma take fitowa, ki ce to, in ya huce ki gyara masa."

"Inna, kafin ya huce Alhaji ya ƙwace aikin."

"To ki bar shi ya ƙwace. Aiki ana samun wani. Bashir guda nawa gare ki?"

Babanku kuwa, Allah ya jiƙan sa, da na tambaye shi sai ya ce shi dai malamin tarihi ne, kuma a iya saninsa duk wanda ya shiga tsakanin wa da ƙanwa shi ake bari da kunya. Ya ɗauki jaridarsa. Haka na kwana da haushin mutum uku.

Na yi tunani iya tunani. Na san in na bi maganar Yaya za mu rasa aikin, sunan Malam ya shiga bakin 'yan kasuwa. Na san kuma in na saɓa masa, ko abin ya yi kyau ba zai yafe da wuri ba, don Yaya ya fi jure a ce ya faɗi da a ce ƙanwarsa ta ɗaga shi. Na zaɓi na biyun, ido buɗe. Na riƙa zuwa da sassafe kafin makaranta, da ranar Juma'a idan an rufe an tafi masallaci, na raba karɓar mutane da yin aikin kamar yadda na tsara. Chinedu ya shigo ya same ni wata safiya, ya leƙa, ya ga abin da nake yi.

"Malama, ni ban gani ba, ban ji ba. Amma ki sa da Turanci ma, saboda Anti Ngozi."

Yaya ya dawo da inji a cikin kwali wanda sai da mutum huɗu suka hau da shi bene. Sai dai mai haɗawa, wanda aka ce zai biyo shi daga Legas, yau ciwo, gobe biki, jibi motarsa ta lalace. Kwali ya zauna a ɗakin baya, ko ledarsa ba a yage ba, har ranar da Alhaji ya zo. Yaya ya tarye shi fuska duk ta faɗa, yana jiran abin kunya. Kafe cike da iyaye, don an fara sakin sakamako. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya zauna, ya sa aka rubuta masa sunan wani yaro, ya danna. Nan da nan rubutu ya fito: an karɓi buƙatarka, akwai mutum shida a gabanka, kada ka damu, muna sane da kai.

Na ga yatsansa ya ɗago zai sake dannawa, sai ya tsaya ya karanta. Ya sauke hannu. Shida ta koma biyar. Ya juya ya ce a kawo masa shayi. Ya shiga ba Chinedu labarin yadda Malam ke ja musu kunne a zaure. Lokaci-lokaci ya waiga ya ce, "A'a, saura uku," kamar mai kallon tseren keke. Ku sani, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ba ni dariya da haushi a haɗe: jiran da ya yi ranar ya fi wanda na yi ranar da na fara gwadawa tsawo. Saba ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba. Amma ba wanda ya tashi, ba wanda ya daki maus, ba ta kuma durƙushe ba. Da takardar ta fito ya ɗaga ta sama ya dubi Yaya.

"Kai, Bashir, lallai injin Legas ya yi aiki!"

Na dubi Yaya. Ya san kwalin na nan a rufe. Ya ga rubutun, ya san hannun wa ne. Na ba shi dama, wallahi na ba shi.

"Alhamdu lillahi, Alhaji," ya ce.

Shi ke nan. Bai yi ƙarya da bakinsa ba, kun ga wayon. Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Da Alhaji ya tafi ina tsammanin ko a ɗakin baya zai ce min sannu. Sai ya rufe ƙofa ya hau ni da faɗa, muryarsa har waje.

"Ban ce kada ki taɓa ba? Da ya lalace a gaban Alhaji fa? Wa ya ba ki izini?"

"Ai bai lalace ba, Yaya."

"Ba shi na tambaye ki ba! Nan wurin yana da mai shi. Ke aiki kike yi a ƙarƙashina, ba a gida muke ba."

"To tunda ba a gida muke ba, ga makullinka."

Na ajiye masa a kan kwalin injinsa, na ɗauki jakata na sauka. Chinedu ya biyo ni har bakin titi yana Malama, Malama, ban waiga ba. Ban sake taka benen nan ba. Na koma koyarwa gaba ɗaya, aikin da na fi so a duniya na bar shi a lokacin da na fara iya shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi min ciwo, har yanzu yana yi. Shafin ya ci gaba da aiki shekaru da tsarin da na bari. Injin kuwa, da mai haɗawa ya zo aka ga ba a buƙatarsa, Yaya ya kasa sayarwa don kada a tambaye shi dalili. In kun je Kwaciri ku shiga ɗakin ajiya na ƙurya, ku ɗaga tsofaffin kwanukan Inna. Kwalin da suke kai shi ne.

Watanni muka yi ba ma magana. Ƙaramar salla ta zo, na je gaida Inna da safe don na san shi da yamma yake zuwa. Babbar salla ya aiko min da cinyar rago, na aika masa da dambu, ba wanda ya haɗa da gaisuwa. Inna ta gaji da mu har ta daina ambatar sunan ɗaya a gaban ɗaya. Ta rame, ni kuma ina gani ina taurin kai, don a ganina wanda ya yi laifi shi zai zo.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke a tsakar gida, Babanku ya fita, sai na ji sallama daga zaure. Muryar Yaya. Mutumin da ke faɗowa gidana kai tsaye har ya buɗe tukunya ya ce miyar ba gishiri, ranar ya tsaya a ƙofa kamar baƙo. Na yi shiru. Raina ya sake tafasa kamar jiya aka yi abin. Na ce a zuciyata bari ya ɗanɗana. Ya jira, ya sake yin sallama, muryar ta ɗan yi ƙasa. Na ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita. Ban huce ba, ban shirya ganin sa ba, ban ma san me zan ce masa ba. Amma na san gidan da muka tashi. Na san saura ɗaya, kuma in ya yi ta ba a amsa ba zai gyara hularsa ya juya, ba zai ƙara ba.

Ban bari ya kai ta ukun ba.

"Wa alaikumus salam. Na ji ka, Yaya. Ina zuwa."

Ban fita nan take ba. Na miƙa tabarma da kofin ruwa ta bayan labule, na koma na ƙarasa wanke-wankena tsaf, na ɗauraye, na kife, na canja zane, na zauna a bakin gado har numfashina ya daidaita. Na daɗe ƙwarai. Da na ɗaga labulen zaure na same shi zaune, ya tuɓe takalmi, ya shanye ruwan, yana jira.